Me ya sa muka baro Ƙofar Ruwa ba mu sayi tayil ba?

Ɗana, jiya a hanyarmu ta dawowa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambaye ni, ka ce: "Maigida, Alhaji ya ga tayil ɗin da ya kwanta masa a rai, ga kuɗi a aljihunsa, me ya sa ka ce a dakata? Ashe ba gidansa ba ne?" Hayaniyar titi ba ta bar ni na ba ka amsa ba, kuma tambayar ta fi ƙarfin amsar kan babur. To ga ta yanzu a natse.

Gaskiyarka, gidansa ne. Launi nasa ne da na iyalinsa, ban taɓa yi wa mai gida gardama a kan fari ko ruwan ƙasa ba. Abin da ya sa na riƙe hannunsa shi ne har yau bai zaɓi masai ba, bai zaɓi kan famfo ba, bai faɗa mana inda gado zai zauna ba, amma yana so ya sayi abin da zai rufe duk waɗannan. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. A aikinmu, abin da za a binne a bango da ƙasa shi ake fara yanke wa shawara, domin fenti in bai yi ba kwana biyu an sake shi, amma bututun da ke ƙarƙashin tayil sai da guduma.

Ɗauki masai na zama. Akwai wanda bakinsa ke zubarwa ƙasa, akwai wanda ke zubarwa ta bango, kuma ko a cikin masu zubarwa ƙasa tazarar ramin daga bango ba ɗaya ba ce. In mai aikin famfo ya kafa bututu da ka, aka zuba kankare, aka shimfiɗa tayil, sannan Alhaji ya je ya ɗauko wanda ya burge shi, sai ka ga an bar rata tsakanin masai da bango, ko a dawo ana fasa sabon daɓe. Don haka a sayo shi tukuna, ko aƙalla a auno shi da tef a shago. A nan ne kuma ake duba alƙibla, kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya; mu a Kano tana gabas, da ɗan karkata arewa. Sannan ka tambayi su wa za su zauna a gidan. Mahaifiyar Alhaji na fama da gwiwa, banɗakinta na zama ya kamace shi, da ƙarfen dafawa a bango. Na zaure kuwa, inda baƙi da yara ke shige da fice, na tsuguno ya fi jure wahala kuma ya fi sauƙin wankewa. Kowane banɗaki a sa masa ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa, inda buta da bokiti za su shiga ƙarƙashinsa, mutum ya yi alwala bai jiƙa wando ba. Takardar zane sau da yawa ba ta nuna wannan, mu ne za mu tuna.

Ka ga shawar nan mai faɗi kamar faranti da mai shago ya yi ta yabo? An yi ta ne don gidan da ruwa ke zuwa da ƙarfi. Mu ruwanmu daga rijiyar burtsatse yake hawa tanki, daga tanki ya gangaro da nauyinsa kawai. Sai tanki ya ɗara bakin famfo da mita 10 kafin a sami ƙarfin ruwan da suke rubutawa "bar 1" a jikin kwali. Tankin Alhaji na kan ƙarfe mai mita 6, kan shawa kuma yana mita 2 daga ƙasa, saura mita 4 ke nan, ko rabin bar bai kai ba. In an ɗaura wannan farantin, ɗiga zai riƙa yi. Ko dai a ƙara injin tura ruwa, wanda shi ma sai da wuta, ko a sayi ƙaramin kai da ya dace da ruwan gidan. Shi kuma kan famfo, ɗaga shi a hannu kafin ka kalli ƙyallinsa. Na tagulla yana da nauyi. Marar nauyin nan da aka shafa wa ruwan azurfa, wata rana wajen ɗaurewa wuyansa ke karyewa a cikin bango.

Akwai abin da ya same ni ina sabon kama aikin kaina, har yau yana min ciwo. Wani gida ne aka matsa mana saboda biki ya gabato. Mai famfo ya gama haɗa bututunsa, ni kuma na bi da tayil washegari, ba a cika bututun da ruwa an gwada ba. Amarya ba ta yi wata biyu ba fentin ɗakin da ke bayan banɗaki ya fara kumbura yana zubowa kamar gari, ƙasan durowarta ya jiƙe ya ruɓe. Gaɓa ɗaya ce ba ta kama ba. Da hannuna na fasa bangon da na yi, kuma da muka koma kasuwa irin tayil ɗin ya ƙare, dole aka yi faci da wani. Na ga fuskar yarinyar nan ranar da aka fito da kayanta tsakar gida. Shi ya sa kake gani ba na ɗora ko tayil ɗaya sai an toshe bakunan bututu, an cika su da ruwa, sun kwana sun yini, na zagaya na shafa kowace gaɓa da bayan hannuna.

Yanzu shi kansa tayil ɗin da Alhaji ya so. Mai sheƙi ne kamar madubi, kuma so yake a shimfiɗa shi tun daga falo har banɗaki da baranda. A falo ba ni da ja, sai dai ya san cewa da hunturu ya kama, ƙura ta fara sauka, baƙin tayil mai sheƙi sawun ƙafa ma nunawa yake, sai a share shi sau uku a yini. Ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa mai ɗan zane ya fi rufa asiri. A banɗaki da kicin da baranda kuwa kyan ɗan maciji ne. Ka tuna na ce wa yaron shago ya kawo ruwan leda, na zuba a kan guda, na ce Alhaji ya goga tafin hannunsa? Hannun ya zame kamar an shafa sabulu. To ka kwatanta tsohuwa da jiƙaƙƙen silifa a kai da asuba. Wurin ruwa yana son tayil mai kaushi, kuma ƙanana sun fi, domin da su ake samun gangara zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Manya masu santimita 60 da 60 ba sa lanƙwasa, sai ka ga ruwa ya kwanta a lungu.

Juya tayil ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan da nan, mai laushi ne, a jiƙa shi kafin a ɗora a kan siminti, kuma ya fi dacewa da bango ko ɗakin kwana. In ruwan ya tsaya, mai tauri ne, shi ke jure zirga-zirgar falo, amma da yake ba ya shan ruwa siminti zalla ba ya riƙe shi sosai, sai da gam ɗin tayil. Wanda ya yi rowar gam, bayan shekara za ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Kuma ka gaya wa matan gida tun wuri, ba a daka a kan tayil. A bar wa turmi wurinsa na siminti a bayan kicin.

Lissafi kuma ka riƙe shi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13 ne da ɗoriya. Kwalin 60 da 60 yawanci guda 4 ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kwali 11 ke nan, ban da na gindin bango. A saya gaba ɗaya rana ɗaya, ka duba lambar da ke jikin kowane kwali ta zama iri ɗaya, domin zane ɗaya daga gashi daban launinsa kan bambanta, ba ka ganewa sai an shimfiɗa rana ta haska. Kwali ɗaya kuma ya zauna a sito saboda gaba.

Wayar wuta ba aikinmu ba ce, amma mu ke rufe ta, don haka ina sa ido. Da lamba ake gane kaurinta: mai 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwan wanka a ja musu mai 4, kowacce da layinta. A kankare bakin waya a tabbata jan ƙarfe ne har ciki. Kafin a huda bango a kira uwargida ta nuna inda gado da durowa da firji za su zauna. Gida nawa muka shiga muka tarar soket ya ɓuya a bayan kayan jere?

Silin POP yana da kyau, kuma na san shi ake yayi, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. In da hali a bar rufin kwano ya ga ruwan sama mai ƙarfi ko sau biyu kafin a ɗaura shi. Rataye fanka kuma a jikin ƙarfe ko katakon rufi ake yi, a tanadi wurin tun kafin a rufe. Fenti shi ne na ƙarshe. A bar filasta ta sha iska kamar mako 4, in ba haka ba damshi da gishirin siminti za su turo shi waje. Falo da hanyar wucewa, inda yara ke shafa hannu kuma hayaƙin turaren wuta ke tashi kullum, a sa musu wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ko da ya fi tsada. Ƙofar banɗaki kada ta zama ta garin katako da aka matse, kumbura take daga ƙasa. Duk wani katako kuma a shafe shi da maganin gara kafin ya taɓa bango.

Abin da na gaya wa Alhaji bayan ka tafi ɗauko babur shi ne, in kuɗi suka gaza, a rage daga fitilun ado da zanen silin, waɗannan ko baɗi a ƙara su. Bututu, waya, gam, kan famfo da makullan ƙofa kuwa kada a taɓa kasonsu. Ya amince, ya ce ranar Asabar zai zo da uwargida da Hajiya mahaifiyarsa su zagaya gidan.

Kafin nan, gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa. Ka tafi da tef da alli da littafinka, ka auna kowane ɗaki tsawo da faɗi, banɗakuna har da tsayin bango, ka fitar min da adadin kwalaye da kanka. Zan duba lissafinka bayan azahar.