Gwajin jini zai nuna in kansar huhu ta dawo bayan aiki?

Wata 'yar'uwa daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta rubuto: "Likita, wata takwas ke nan da aka yi wa babanmu aiki aka cire wani yanki na huhunsa saboda kansa. Mun yi analiz ɗin jini da ake ce ma CEA ya fito 6, a takardar kuma an sa kada ya wuce 5. Tun ranar inna ba ta barci. Ciwon ne ya dawo?"

Malama, Allah ya ƙara ma baba lafiya. Ki ce ma inna ta kwanta ta yi barcinta, 6 ita kaɗai ba ta yanke hukunci. CEA wani sinadari ne da wasu ƙwayoyin kansa ke zubawa cikin jini, to amma ba su kaɗai ke ɗaga shi ba, mai shan taba nasa yakan hau, haka mai ciwon hanta ko kumburin hanji, kuma abin da ma ya fi damuna shi ne ciwon na iya dawowa jini ya fito fes, mutum ya saki jiki.

Nawa CEA ɗin yake kafin aiki? Ki duba tsofaffin takardu, na san suna cikin wata leda ƙasan katifa. In da can yana sama, ya sauka bayan aiki, yanzu kuma yana hawa gwaji bayan gwaji, wannan kam abin bi ne. A sake gwajin bayan 'yan satuttuka, a labo guda, don ma'aunin kowane labo daban.

Akwai wasu sinadarai irin CEA da ake aunawa cikin jini, CYFRA 21-1, NSE, ProGRP, kowane da irin kansar da ya fi bi. Su ma suna ruɗi, ciwon ƙoda na ɗaga CYFRA da ProGRP, NSE kuwa in jinin ya jima cikin kwalba jajayen ƙwayoyi suka fashe sai ya hau a banza.

Abin dogaro shi ne sikana ta ƙirji, wato hoton cikin ƙirji da na'urar asibiti ke ɗauka, duk wata 6 a shekara 2 na farko, don lokacin ne ciwon ya fi dawowa, daga nan sau ɗaya a shekara. Baba na wata takwas da aiki, in ba a yi masa sikana ba tun bayan aikin to kuɗin analiz ɗin gara a tara su nan. In kuma kun ga tari da jini, haki, rama, ciwon ƙashi ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, kada ku jira ranar randebu, ku kai shi wurin likitansa da takardun duka.