Ciwon agara ana saura mako 11 a yi tseren kilomita 100

Ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya sawwaƙe. Ka ce saura mako 11 a yi CCC, tseren kan duwatsu na kusan kilomita 100 da ke tashi daga Courmayeur a Italiya, ya ratsa Suwizalan, ya ƙare a Chamonix ta Faransa. Kana kuma da wani na kilomita 50 nan da mako 3, ga agararka ta dama ta kama ciwo. Da safe takan ƙage, in ka fara gudu ta lafa, da yamma ta dawo. Kana shan ibuprofen kafin ka fita, kana tambaya ko ka tsaya cak ko ka daure.

Duka biyun ba su ne mafita ba. Ka haƙura da na kilomita 50, ka ajiye maganin, ka rage wa jijiyar kaya zuwa abin da za ta iya ɗauka, sannan ka riƙa ƙara mata da lissafi. Amma wannan shawara tana aiki ne in jijiya ce ke ciwon. In ƙashi ne, hukuncin ya juye gaba ɗaya, don haka da gano wurin za ka fara.

Zauna ka ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ka kama agarar da babban yatsa da manuni, ka bi ta daga dunduniya zuwa sama kana matsawa. In zafin yana sama da ƙashin dunduniya da kamar santimita 2 zuwa 6, wataƙila ma ka ji wurin ya ɗan yi kauri, tsakiyar jijiya ce, kuma ita ce ta fi jin magani. In zafin yana daidai inda jijiyar ta kama ƙashi, wannan ya fi taurin kai kuma atisayensa daban ne. In kana motsa ƙafar sama da ƙasa ka ji wani ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsunka, rigar da ta lulluɓe jijiyar ce ta kumbura. Wannan kam tana son hutun wasu kwanaki kafin a fara ɗora mata komai. Daga nan sai ka matse ƙashin dunduniyar kansa ta gefe da gefe da tafin hannu. In nan ne zafin yake, ko tsalle da ƙafa ɗaya ya gagara, ko ciwon yana ƙaruwa ne yayin da gudu ke tsawo maimakon ya lafa, ko yana tashinka cikin dare, to ana zargin ƙashin ya fara tsagewa saboda gajiya. Wannan ba a gudu a kansa ko na minti biyar. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagar a makonni biyu zuwa uku na farko, don haka kada "hoto bai nuna komai ba" ya ruɗe ka; hoton MRI, wanda ke nuna cikin ƙashi da nama, ne ke gani da wuri.

Akwai abubuwan da ba sa jiran shawarar kowa sai asibiti. Jin kamar an harbe ka ta baya, da ƙara, sannan ka kasa tashi a kan yatsu, alamar tsinkewa ce. Sha-raɓa da ta kumbura ta yi ɗumi, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi ko mota, tana iya zama gudan jini. Sannan ka tuna ko ka sha ciprofloxacin ko danginsa a 'yan watannin nan. Ana yawan ba da shi don taifot da ciwon mafitsara, kuma an san yana raunana agara har ta tsinke. In ka sha, ka gaya wa likita kafin ka yi ko da atisaye ɗaya daga cikin waɗanda zan faɗa.

To, mu ɗauka tsakiyar jijiya ce, don siffar da ka bayar ta fi kama da ita. Dalilin da ya sa hutu zalla ba ya aiki shi ne, jijiya tana samun ƙarfi ne daga nauyin da ake ɗora mata. In ka kwanta mako uku ciwon zai tafi, amma jijiyar da tsokar sha-raɓa sun ƙara laushi, ranar da ka koma kan tudu da kilomitocinka na da sai ciwon ya dawo ya same ka da ƙarancin lokaci. A 2007 Karin Silbernagel da abokan aikinta a Suwidin sun gwada wannan: rukuni ɗaya ya daina gudu mako 6, ɗaya ya ci gaba yana auna ciwonsa, dukansu suna atisayen ƙarfafa jijiya, kuma waɗanda suka ci gaba da gudun ba a bar su a baya ba. Ma'auninsu daga 0 zuwa 10 ne, an yarda ciwo ya kai 5 yayin motsi, da sharaɗin ya lafa kafin washegari kuma kada ya riƙa hauhawa daga mako zuwa mako. Ni a ganina mai tsere a gabansa ya tsaya a 3, saboda mu masu dogon gudu mun saba raina ciwo, abin da muke kira 5 wani 7 zai kira shi.

Alƙalin gaskiya kuwa safiya ce, domin agara ba ta cika ƙorafi lokacin aiki ba, sai bayan kwana ɗaya. Kowace safiya ka yi gwaji iri ɗaya: minti nawa ƙagewar ta ɗauka kafin ta sake, kuma in ka tashi a kan yatsun ƙafar sau 10, ciwon nawa ne cikin 10. Rubuta a takarda. In lambar yau ta fi ta jiya, gudun jiya ya yi yawa, sai ka rage na gaba da kashi ɗaya cikin uku. A nan ne illar ibuprofen ta farko take, yana rufe bakin wannan alƙali. Illa ta biyu ta fi muni. A dogon gudu jiki na bushewa, tsoka na farfashewa tana zuba dattinta cikin jini, ƙoda na aiki da ƙarancin jini, sai ibuprofen ko diclofenac su ƙara matse hanyar jinin da ke shiga ƙodar. Mutane sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda bayan tsere ta wannan hanya. Kada ka sha shi a atisaye, balle ranar tsere. Allurar sitiroyid a jikin agara ma ka ƙi ta, tana kashe zafi na ɗan lokaci tana ƙara haɗarin tsinkewa. Gasawa da ruwan ɗumi da man zafi suna sa a ji daɗi, ba laifi, amma ba sa canza komai a cikin jijiyar. Ja da murɗa irin na ɗori kuwa babu abin da ya goce da za su mayar.

Abin da za ka cire daga gudunka ba kilomita kaɗai ba ne. Hawan tudu mai tsini a kan yatsu, gudun sauri, tsalle-tsalle da gudu cikin yashi su ne masu cin agara. Cire su duka na mako biyu. Raba kilomitocin makonka biyu, in 80 kake yi ka koma 40, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yau gudu gobe hutu. Duba takalminka kuma. In kwanan nan ka koma mai dunduniya ƙasa-ƙasa, wanda tazarar tsayin dunduniya da gaban ƙafa ba ta wuce milimita 4 ba, koma mai 8 zuwa 10, ko ka sa ɗan tudun dunduniya a cikin takalman biyu, ba mai ciwon kaɗai ba. Da safe kada ka sauko daga gado ka taka siminti ba takalmi.

Atisayen ƙarfafawa shi ne ainihin maganin, sauran duk share fage ne. Makon farko ka tashi a kan yatsun ƙafar mai ciwo zuwa rabin tsayi, ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45, sau 5, da hutun minti ɗaya a tsakani. In wannan ya zauna, sai ka koma bakin matakala. Tsarin likita Alfredson ɗan Suwidin na 1998 shi ne ka hau da ƙafa biyu ka sauko a hankali da ɗaya, sau 15 sahu 3 gwiwa a miƙe, sau 15 sahu 3 gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, wato 180 a rana, har mako 12. Yana aiki, amma ga wanda ke ci gaba da gudu yana da yawa. Na fi son mai nauyi a hankali, sau uku a mako: daƙiƙa 3 hawa, daƙiƙa 3 sauka, da nauyin da sau 15 ne iyakarka a farko, kana ƙara nauyi kana rage adadi har ka kai 6 zuwa 8. Ba sai da gidan motsa jiki ba. Jakar goyo da gorunan ruwa ta isa farawa, kowace lita kilo ɗaya ce. Ka haɗa da na zaune, nauyi a kan gwiwa, saboda tsokar ciki ta sha-raɓa ita ke ɗaukar kaso mafi girma a gudu kuma ita aka fi mantawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yi wata biyu yana ɗaga jikinsa kawai ba ƙari, ya ce atisayen bai yi ba. In kuma ciwonka na makamar ƙashi ne, kada dunduniya ta sauka ƙasa da bakin matakala, yi a ƙasa shimfiɗe, kuma ka daina miƙar da sha-raɓa a jikin bango, domin hakan na matse jijiyar a kan ƙashi. In kana da halin ganin likitan gashin ƙashi (fisiyo) da ya saba da 'yan wasa, ko sau biyu ne, zai daidaita maka nauyin fiye da yadda rubutu zai yi.

Ka lura tsarin mako 12 ne, kai kuma 11 gare ka. Ba warkewa sarai ake nema kafin ƙarshen Agusta, lokacin tseren, ba, jijiya mai iya ɗaukar aikin ake nema.

Na san abin da ke hana ka barci shi ne tsoron ƙarfin da ka tara zai zube. Numfashi ba ya zubewa da wuri haka, kuma keke yana riƙe shi. Sa tsakiyar tafin ƙafa a kan feda maimakon yatsu, ka mayar da dogon gudun ƙarshen mako ya zama awa 3 zuwa 4 a kan keke, ka kuma yi amfani da lokacin ka horar da cikinka da cin kamar giram 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, daga irin abincin da za ka ci ranar tsere. Abin da ke zubewa da gaske shi ne juriyar cinya a gangara. CCC tana da hawa kusan mita 6,000 da gangara kusan haka, kuma cinyar da ba ta saba ba takan mutu tun kafin numfashi ya gaza. Sa'ar da ka yi ita ce gangara mai sauƙi ba ta matsa wa agara kamar hawa, don haka tana iya dawowa da wuri. Kafin nan ka riƙa saukowa daga akwati ko benci da ƙafa ɗaya a hankali, sau 10 sahu 3, sau biyu a mako. Ka sa ido a ɗaya ƙafar, saboda ɗingishin da ba ka san kana yi ba yakan haifi ciwon gwiwa a can.

Kada ka rage abinci don ka rage gudu. Jijiya da furotin ake gina ta, kamar giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinka a rana, wato mai kilo 65 yana neman sama da giram 100, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Sai ka haɗa da wake, kifi, nama da madara. Batun zuciya kuma, ka daina leƙa Strava, manhajar da 'yan gudu ke nuna gudunsu, kana ƙirga abin da abokai suka yi. Ranar tseren kilomita 50 ɗin ka je ka taya wani riƙe kaya a tashar ba 'yan tsere ruwa. Zama cikin jama'ar ya fi zaman ɗaki sauƙi.

Ga yadda zan raba makonnin. Biyu na farko na kwantar da jijiya ne. Daga na 3 zuwa na 6 ka dawo da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tsawo tukuna, sannan gangara, sannan hawa da tafiya da sanduna kana sauke dukan tafin ƙafa, a ƙarshe hawa da gudu. Kada ka ƙara biyu a mako guda, in ciwo ya tashi ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Kilomitocin da suka wuce sun wuce, kada ka bi su bashi. Ana saura mako 4, ka yi yini na gwaji: awa 5 zuwa 6 a kan dutse, hawa kamar mita 2,000, da jakarka da sandunanka. Sharuɗɗan ci ka rubuta su yau, tun kafin son zuciya ya sa baki: ciwo bai wuce 3 ba, babu ɗingishi, safiya ta biyu ta koma yadda take kafin gwajin, kuma kana iya tashi a kan yatsun ƙafar sau 20 zuwa 25 kamar ɗayar. In ɗaya ya faɗi, ka janye. Na san samun gurbin CCC sai da ƙuri'a, ga kuɗin jirgi da masauki, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma agarar da aka tilasta takan ci wata shida ko fiye. Tun yanzu ka karanta dokar masu tseren kan janyewa saboda rauni, ka ga wace takardar likita suke nema da ranar da suke rufe karɓa.

In gwajin ya yi kyau ka tafi, ka san hawan farko daga Courmayeur ya haura mita 1,300 a cikin kusan kilomita 10, jijiya ba ta gama ɗumi ba, jama'a na ingiza ka. Fito da sanduna tun daga nan, ka taka gajere. Bayan Grand Col Ferret, mashigar dutse da ke iyakar Italiya da Suwizalan, akwai doguwar gangara zuwa cikin Suwizalan, sai garin Champex-Lac wajen rabin hanya. Nan ne wurin yanke hukunci, domin abin da ya rage manyan hawa uku ne, galibi cikin dare. In tafiyarka ta canza, ko zafin ya koma mai suka, ko fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, tsaya a tashar ka gaya wa ma'aikata ka fita, ka nemi masu lafiya su duba ka. Sa rigar sanyinka nan take, jikin da ya daina motsi a kan dutse yana yin sanyi cikin 'yan mintuna.