Hukuncin naɗa alƙalin wasa da ke da ɗan'uwa a cikin fili

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. Ina cikin kwamitin gasar ƙwallon Sallah ta unguwanninmu a nan Kumasi. Aboabo za ta kara da Asawase a wasan ƙarshe, kuma alƙalin da ya fi kowa iya busa a wajenmu, ƙanensa yana buga wa Aboabo. Mutum ne mai gaskiya, amma 'yan Asawase sun ƙi. Haramun ne mu naɗa shi?

Amsa: Bismillah. Ɗana, kada ku naɗa shi a wannan wasa matuƙar akwai wani wanda ya iya, ko da bai kai shi ba.

Mai riƙe usur hukunci yake yi tsakanin mutane, kuma Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 58, idan za ku yi hukunci tsakanin mutane ku yi da adalci. Ayar ba ta ware ƙaramin hukunci ba. Naɗin kansa amana ce a wuyanku.

Ka ce mai gaskiya ne, na yarda. Amma a fiƙihunmu na Malikiyya ba a karɓar shaidar abokin husuma ko wanda ake tuhuma da karkata, kuma wannan ba ƙaryata shi ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa, da mutum biyu suka gan shi da dare tare da mace, sai ya tsayar da su ya ce musu Safiyya ce, matarsa, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Sannan ku tausaya wa bawan Allahn nan: in ya ba Aboabo fanareti a ce jini ya ja shi, in ya hana don gudun magana ya zalunci ƙanensa.

Wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba. A 2017 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da alƙalin wasa ɗan Ghana Joseph Lamptey har abada kan wasan Afirka ta Kudu da Senegal, a 2018 kuma binciken ɗan jarida Anas ya nuna alƙalan wasa suna karɓar kuɗi. Annabi ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa, ko an kira ta kuɗin mota. Kuma har yau zuciyata na ƙuna in na tuna 9 ga Mayu 2001 a Accra, wasan Hearts da Kotoko: gardama kan ƙwallo, jifa, barkonon tsohuwa, mutum fiye da 120 suka rasu, da yawansu 'ya'yan Zango.

Su ma 'yan Asawase, haƙƙinsu ne su nemi a canza shi, amma haramun ne su ce an saye shi babu hujja. Suratul Hujurat ta ce sashen zato zunubi ne. Kuskuren busa daban, cin amana daban.

Idan kun rasa wani, ku nemo daga unguwar da ba ta cikin wasan. In hakan ya gagara, ya halatta ya busa da sharaɗin ku bayyana dangantakar a gaban shugabannin ƙungiyoyin biyu, su amince kafin ranar wasa.

Wallahu a'alam.