Tambaya da Amsa: Ma'aikacin Lafiya na Gwamnati da Neman Horo a Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni jami'in sa ido kan cututtuka ne a wata ƙaramar hukuma, shekara takwas ke nan ina aikin, kuma ina da digiri na farko. Ina jin ana cewa akwai guraben ƙaro ilimi a ƙasashen waje ga irinmu, har wani ya ce in ba shi kuɗi ya sa sunana. Da gaske akwai su? Kuma sai na ajiye aiki kafin in tafi? Daga wani mai karatu a Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Guraben akwai su, amma ka riƙe kuɗinka. Ba a sayar da su, kuma cike fom ɗin manyansu kyauta ne. Cikin abin da zai ci maka kuɗi akwai fasfo da jarrabawar Turanci, idan jami'ar ta nema.

Aiki kuwa kada ka kuskura ka ajiye shi, don kujerar nan da kake rainawa ita ce jarinka. Masu ba da tallafin suna neman mutumin da zai dawo ya zauna inda ake yanke shawara kan rigakafi da annoba, ba wanda ya riga ya yi sallama da ma'aikata ba.

Hanya biyu ce. Akwai wadda kake nema da kanka ta intanet. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan digiri na biyu na shekara ɗaya. Yana son gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan karatu, kuma galibi ana buɗe shi a watan Agusta. Hukumar DAAD ta Jamus tana ɗaukar nauyin masu karatun lafiyar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Heidelberg. Shirin Humphrey na Amurka wata goma ne, ba a ba da digiri, ana son gogewar shekara biyar, kuma ta ofishin jakadanci ake nema, can za ka tambaya ko an buɗe. Shirin Kofi Annan da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka, wato Africa CDC, ta ƙaddamar a 2020 na manyan jami'ai ne masu digiri na biyu, sai ka ɗan jira shi tukuna.

Ɗaya hanyar ita ce ta ma'aikata, kamar kwasa-kwasan hukumomin tallafa wa ƙasashe, JICA ta Japan da KOICA ta Koriya ta Kudu, inda sai gwamnati ta gabatar da sunanka. A nan ake yawan asara. Na sha ganin takardar gayyata ta iso, an buga mata hatimi, an jefa ta cikin fayil a kan teburin darakta, ba a tuna da ita ba sai da wa'adi ya wuce. Wani lokacin kuma a tura wanda ya kusa ritaya don ya sha iska. Saboda haka ka riƙa leƙa sashen tsare-tsare na ma'aikatar lafiya ta jiharku, ka san wanda ke riƙe da fayil ɗin horo, shi ma ya san fuskarka da aikinka.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne rubutun da ake nema ka yi game da kanka da aikinka. Kowa sai ya fara da cewa Najeriya na fama da matsalolin lafiya. Masu tantancewa sun riga sun san wannan. Ka faɗa musu ranar da amai da gudawa ya ɓarke a wata mazaɓa, yadda ka hau babur ka bi gida-gida kana rubuta sunayen waɗanda suka kamu, har ka gano rijiya ɗaya suke sha, da yadda ka shawo kan mai unguwa aka zuba mata sinadarin kulorin. Sannan ka ce ga abin da ya gagare ka don ba ka da iliminsa, ga kuma kwas ɗin da zai koya maka shi. Wasiƙar shaida ma ka nema wajen wanda ya ga aikinka da idonsa, ko da ba shi da babban muƙami.

Ni dai da ni ne kai, da gida zan fara. Shirin NFELTP na horar da masu binciken ɓarkewar cututtuka a Najeriya, wanda aka kafa a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Ibadan, horo ne na shekara biyu da akasarinsa a fagen aiki ake yi. Ɗalibansa sun shiga binciken gubar dalma ta Zamfara a 2010, da bin sawun masu Ebola a Legas a 2014. Yana da ƙaramin mataki na wata uku da aka tsara don jami'an ƙananan hukumomi irinka, kuma takardarsa za ta ƙara wa nemanka na waje nauyi.

Idan Allah Ya sa ka dace, ka nemi hutun karatu da albashi, ka sa hannu a yarjejeniyar dawowa aiki, kuma kada ka hau jirgi sai takardar amincewa tana hannunka a rubuce. "Je ka, ba komai" na baki ba ya hana a tsayar da albashi idan aka canja darakta. Ka yi kwafi biyu, ka bar ɗaya a gida wajen iyali.