Launi da girman rubutu: a HTML ko a CSS?

Ka tambaya ko ya dace ka riƙa sanya launi da girman rubutu kai tsaye a cikin HTML, wato harshen da ake tsara shafin intanet da shi. Bai dace ba. Ka bar HTML ya nuna matsayin kowane abu, wato take da sakin layi da jadawali, sannan ka mayar da dukkan ado cikin fayil ɗin CSS daban. CSS shi ne harshen da ke kula da kamannin shafi.

Dalilin da ya fi damuna shi ne makafi, domin manhajar da ke karanta musu shafi tana bin alamomin take ne na HTML, kamar h1 da h2, wajen tsallakawa daga sashe zuwa sashe. A shafukan da na gyara, duk inda aka ƙara wa rubutu girma kawai don ya yi kama da take, manhajar ba ta gane shi a matsayin take ba.