Amsoshin Tambayoyinku: Katifar Memori da Gado Mai Inji

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, mai shago ya nuna mini katifu biyu masu ƙafa shida-da-shida, ɗaya ta soson da muka saba da shi, ɗayar kuma ya ce memori ce, kuɗinta ya yi wa na farko nisa sosai. Shin bambancin ya kai a biya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Soson memori ya samo asali ne a shekarar 1966, lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, take neman abin da zai rage wa masu zama a kujerun jirgin sama ƙarfin buguwa, kuma sai a 1991 wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar da shi kasuwa a matsayin katifa da sunan Tempur. Halinsa shi ne yana laushi idan ya ji ɗumin jiki, ya lotsa daidai kafaɗa da ƙugu, ya kuma cike gurbin da ke tsakaninsu. Idan kin koma shagon, ki danna tafin hannunki a kansa ki ɗaga: na gaske zai riƙe shatin yatsunki na ɗan lokaci kafin ya ciko a hankali, soso na yau da kullum kuwa nan take yake dawowa. Wani amfaninsa ga ma'aurata shi ne idan ɗaya ya juya cikin dare, motsin ba ya kai wa ga ɗayan.

Sai dai abin da ya sa yake da daɗi shi ne kuma aibinsa a ƙasarmu. Soson da ya rungumi jiki yana tare iska, yana riƙe zafi, kuma ke kin san yadda ɗakunan Kano suke a watan Afrilu da Mayu idan aka ɗauke wuta. A irin wannan dare katifar takan yi laushi fiye da kima, mai barci ya nutse cikinta yana gumi, da hunturu kuma ta ɗan sandare sai jiki ya ɗumama ta. Akwai masu haɗin jel da aka yi domin rage zafin, suna taimakawa a farkon dare, amma ba sa maye gurbin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki.

Kada kaurin katifa ya ruɗe ki, domin memorin inci biyu zuwa huɗu ne kawai a sama, sauran duk wani soso ne daban, kuma wannan na ƙasan shi ke ɗaukar nauyi. Ki tambayi nauyin soson, wanda 'yan kasuwa ke kira densiti: ana so na saman ya kai kilo 50 a kowace mita murabba'iya mai zurfin mita guda, na ƙasan kuma kada ya gaza kilo 30. Idan mai shago ya kasa faɗa, ki ɗaga kusurwar katifar ki ji, wadda ta yi sakayau a hannu ita ce ke saurin yin rami a tsakiya. Shawarata ita ce, in gidan da za a kai amarya yana da tsayayyiyar wuta ko sola, ki saya. In babu, ki zuba kuɗin a katifar soso mai nauyi ta kamfanin da ke ba da garanti a rubuce, daga baya su ƙara siririn shimfiɗin memori a kai idan sun so. Wadda duk kika ɗauka, a cire ledarta kwanaki kafin jere don warin sabunta ya fita, a sa mata rigar da ruwa ba ya ratsawa tunda memori ba ya wankuwa, kuma idan Allah ya kawo haihuwa kada a kwantar da jariri a kanta, saboda laushinta na iya toshe masa numfashi.

Tambaya: Ina fama da ciwon baya, an ce in nemi katifa mafi tauri. Haka ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Malam, ba lallai ba ne. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2003, ya nuna cewa masu kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a mai tauri sosai. Ka kwanta a kanta a shagon yadda ka saba kwanciya, na minti goma ko fiye, ba tare da jin nauyin kowa ba. Idan ciwon yana sauka har ƙafa ko yana zuwa da dindiris, likita za ka fara gani kafin mai katifa.

Tambaya: Mahaifinmu ya manyanta, ƙwannafi yana hana shi barci, tashi daga kwance ma yana ba shi wahala. Muna tunanin yi masa odar gado mai inji daga waje. Me za mu duba? Daga wani ɗa a Maiduguri.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Wannan gado, wanda ake ɗaga kansa ko ƙafarsa da rimot, irin su Baba ne suka fi cin moriyarsa, domin likitoci kan shawarci mai ƙwannafin dare da ya ɗaga wajen kai da inci shida zuwa takwas, kuma wanda aka riga aka ɗago bayansa ya fi samun sauƙin zuro ƙafa ƙasa ya miƙe. Tara matasan kai ba ya yin wannan aikin, wuya kawai yake lanƙwasawa.

Abu na farko shi ne wuta. Kayan Amurka a kan bolt 120 aka ƙera yawancinsu, tamu kuwa 230 ce, don haka ku tabbatar injin ya dace da tamu, gara ma ku duba na Ingila ko na Dubai, sannan ku haɗa shi da sitabilaiza. Ku nace a kan wanda yake da batirin ko-ta-kwana da ke sauke gadon idan wuta ta ɗauke, domin ba ƙaramin tashin hankali ba ne dattijo ya maƙale a zaune tsakar dare. Ku tambayi nauyin da injin zai iya ɗagawa, har da na katifar, ku kuma san wanda zai gyara shi a garinku idan ya lalace, tunda garantin da sai an mayar da gado ƙasar waje ba zai amfane ku ba.

Katifar ma sai an zaɓa. Ta memori tana lanƙwasuwa da kyau muddin kaurinta bai wuce inci 12 ba, amma tsohuwar mai sifirin da aka sarƙe waya da waya, da kuma mai taurin nan da ake kira otopidik, ba sa bin gadon. Ga tsoho, a guji mai laushi sosai, domin juyi a cikinta yana wahala, kuma zafin Maiduguri zai ƙara mata laushi. Tsayin gadon ya zama idan Baba ya zauna a baki tafin ƙafarsa yana taɓa ƙasa.

Ni dai a ganina, kafin ku biya kuɗin jirgi da na kwastan, ku leƙa shagunan kayan asibiti ku ga gado mai hannun murɗawa, wanda ke ɗaga kai da gwiwa ba tare da wuta ba, yana da ƙarfen kariya a gefe, kuma mai walda na unguwa zai iya gyara shi. Idan akwai mai kwana kusa da Baba da zai riƙa murɗa masa, wannan ya wadatar. Idan kuwa shi kaɗai yake kwana, mai rimot ɗin ya fi, domin zai ɗaga kansa ba sai ya kira kowa ba. Ku kuma shaida wa likitansa idan har ba ya iya numfashi sosai sai a zaune, domin wannan kan zama alamar ciwon zuciya da ke buƙatar magani.