Kuɗin riɗi da motar haya: amsa ga wani ɗan kasuwa a Gadarif

Wani ɗan kasuwar riɗi daga Gadarif da ke gabashin Sudan ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, bana Allah ya sa albarka a ciniki, amma ina tsoron jinai (kuɗin Sudan) ya narke a hannuna. Wani simsari (dillali) ya nuna mini hotunan ƙananan bas na hannu masu shan jazolin (man dizal), wasu daga Koriya, wasu daga Dubai. Ina so in sayi ɗaya in sa ta haya tsakanin Gadarif da Kassala. Wacce zan ɗauka, kuma me zan kiyaye?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tsoronka yana kan hanya, domin tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 duk wanda ya rungume jinai ya ga yadda yake zubewa. Sai dai ka lura da abu ɗaya: fasinja da jinai zai biya ka, amma taya da batir da nozul (mai fesa mai a cikin inji) farashinsu dala yake bi. Saboda haka motar da za ta riƙe maka dukiya ita ce wadda ba ta yawan kai ka kantin kayan gyara, kuma in ta kai ka, bakaniken garinku ya san cikinta.

Na ce bakaniken garinku, ban ce na Dubai ba. Kafin ka sake duba hoton simsari, ka je mantika sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, ka zauna da masu gyaran famfon jazolin. Ka tambaye su injin da suke buɗewa kullum, da wanda kayansa ke kan kanta a nan Gadarif ba sai an aika Fot Sudan, garin tashar jiragen ruwa, ba. A Toyota Hiace akwai tsohon injin 5L mai lita 3, wanda ba shi da turbo. Ba shi da gudu, in ya ɗauki lodi a hawa sai ka yi haƙuri da shi, amma yana jure mai marar kyau kuma gyaransa a fili yake. Akwai kuma 2KD mai lita 2.5, wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansa da matsi mai tsanani. Ya fi ƙarfi, ya fi tsimin mai, amma ɗan ruwa ko ƙura a cikin jazolin ya isa ya kashe nozul, kuma guda huɗu ne. Haka abin yake a Hyundai: tsohuwar Starex daban, Grand Starex mai injin CRDi, wato irin wannan mai feshin kwamfuta, daban. Wasu sababbin na Koriya da Turai ma suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda aka ƙera don mai mai ƙarancin farar wuta. Da namu man, toshewa take yi.

Me ya sa na nace a kan mai? Matatar Jaili da ke arewacin Khartum ta tsaya saboda yaƙi, kuma direbanka, ko ka hana shi, wata rana zai sha man jarka a bakin hanya. Ni dai da kuɗina ne, tsohon injin zan ɗauka, in bar wa wasu gudun.

Sai takardu, kuma a nan ba sassauci. Motoci da yawa an wawushe su a Khartum da Madani, ga kuma waɗanda ake kira boko, masu shigowa ta iyakar yamma ba kwastam. In a cikin gida za ka saya, ka ga shahadar warid ta kwastam (takardar shigo da mota) da shahadar bahas (takardar mallaka) da idonka, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, sa'annan ku je ofishin murur, wato na 'yan sandan hanya, tare da mai ita a juya suna kafin ka cika kuɗi. Wanda ya ce maka "takarda tana zuwa", ka ce masa kuɗi ma suna zuwa. In kuwa odar ta za ka yi daga waje, ka nemi mai fitar da kaya a Fot Sudan ya rubuta maka shekarar ƙirar da aka yarda a shigo da ita a wannan lokacin, da abin da kwastam za su karɓa. Dokar shigo da motocin hannu da dalar kwastam (farashin dalar da kwastam ke lissafi da shi) duk an sha sauya su, kuma motar da ta maƙale a tashar jiragen ruwa kullum kuɗin ajiya take ci.

Wani abin da hoto ba ya nunawa: motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, akan juya shi hagu a garejojin Dubai da Sharja. Ana iya juya sitiyari, amma ƙofar fasinja takan zauna a hagu, wato fasinjanka a tsakiyar titi zai riƙa sauka. Bar irin wannan komai arharta. Ta Koriya sitiyarinta daidai yake, sai dai a leƙa ƙarƙashinta saboda tsatsar gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Wadda ta yi aiki a ƙasashen Larabawa ta saba da zafi, amma galibi kamfanoni sun tatse ta da jigilar ma'aikata.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da bakanikenka, kai ka biya shi, kuma ku yi sammako ku sami injin da sanyinsa, domin mai wayo yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta ɗumama, a zargi gaskit ko nozul. A buɗe murfin baƙin mai tana aiki a ga ko tana huci, a duba lagireto tun da sanyi a ga ko ruwan na kumfa. Lambar kilomita kuwa kada ka ba ta gaskiya. Robar birki da kuloci da kujerar direba sun fi ta faɗin shekarun wahala.

Ranar da ta zama taka, kada ka kai ta tasha. A sauya belt ɗin taimin in injin mai belt ne, ko da an rantse maka sabo ne, domin in ya tsinke a guje bawul-bawul yake haɗawa da fistin. A sauya baƙin mai da duk filtoci, a wanke lagireto, a ƙara filta mai raba ruwa da jazolin. Daga nan baƙin mai duk kilomita 5,000. Hanyar Kassala ta haura kilomita 200, to in tana zuwa ta dawo kullum, juye bai kai mako biyu ba ya zagayo. Ka sa wannan a lissafi tun yanzu. Filtar iska a kakkaɓe ta a kai a kai lokacin ƙura. Da damina kuma ka hana direba sauka daga kwalta: ka fi ni sanin laka baƙa ta Gadarif, tarakta ma tana jin jiki.

Game da kuɗin, kada ka taɓa jarin da za ka sayi riɗi da kaka. Abin da ya rage ka raba shi biyar: huɗu na mota da kwastam da lasin da inshora, ɗaya ya kwanta don gyaran farko da ranar da za ta kwana a gareji. In huɗun ba su isa ba, ka jira baɗi ko ka nemi abokin tarayya, a rubuta a sa shaidu.

Direba kuma, in ka ɗora masa taurida (kuɗin da zai riƙa kawo maka kullum) mai nauyi, a jikin motar zai fanshe: lodi fiye da ƙima, gudu, tsallake juye. Ka yanka masa abin da zai iya kawowa ba tare da ya ci zalin inji ba, ya riƙa turo maka ta Bankak, manhajar banki ta waya, kowane dare don lissafi ya zauna a rubuce. Juyen baƙin mai kai za ka saya, kuma a gabanka ko gaban ɗanka za a yi shi. Kwana ɗaya a mako motar ta huta a gidanka, makulli a hannunka.